LaTeX ko Word: wanne ya dace da ɗalibar nazarin harshe?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina aji uku a sashen nazarin harshe. Malaminmu na ginin jimla ya ce duk mai niyyar zurfafa karatu ya koyi LaTeX. Na buɗe na ga alamomi birjik, kaina ya ɗau zafi. Dole ne in koya? Kuma sai na sayi sabuwar kwamfuta, ko na biya kuɗin Overleaf?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Batun kuɗi dai, riƙe abinki. Tun da Donald Knuth ya fito da TeX a 1978, Leslie Lamport ya ɗora LaTeX a kansa, kyauta ake raba waɗannan manhajojin tsara rubutu. Tsohuwar kwamfutarki ta isa. Overleaf, shafin da ake rubuta LaTeX a kansa, yana da tsarin kyauta da zai ɗauke miki aikin aji, in dai kina da intanet. In babu, sauke TeX Live ko MiKTeX, masu sa LaTeX a kwamfutarki, amma na farkon yana cin wuri sosai.

Ko dole ne? Ya danganta da abin da kike rubutawa. In zube ne shafi biyar, Word ya wadatar, kada wani ya ɗaga miki hankali. Amma ɗauko takardarki ta ginin jimla ki duba. Kowane misali layi uku ne: jimlar, fashin baƙin kowace kalma a ƙarƙashinta, sai fassara. A Word za ki yi ta tura kalmomi da hannu har su daidaita, ki canza girman rubutu, komai ya watse. Ga misalai sittin kin jera, sai malam ya ce ƙara ɗaya bayan na huɗu. Ni kaina na taɓa raba dare ina gyara lambobi, washegari aka nuna min wurare uku da "duba misali na 17" ke kai mutum ga wata jimlar daban. A LaTeX, ƙunshin umarni irin su gb4e ko expex su ke jera kalmomin su sa lamba, ke dai ki raɗa wa misali suna, duk inda ya koma lambarsa ta bi shi.

Zanen bishiyar jimla ma haka. Da ƙunshin forest, bakan da kika saba yi a aji za ki rubuta, kamar [J [YS [Audu]] [YA [ya tafi]]] (J jimla, YS yankin suna, YA yankin aiki), ta zana rassan da kanta.

Inda sababbi suka fi shan wahala shi ne haruffa. Ki rubuta ƙ ko ɗ ko wasu alamomin karin sauti, pdfLaTeX, mai mayar da rubutun PDF, ya tsaya cik yana kukan bai san harafin ba. Tun ranar farko ki koma takwaransa XeLaTeX, ki kira ƙunshin fontspec, ki zaɓi salon haruffa Charis SIL ko Doulos SIL, waɗanda aka ƙera don masu nazarin sauti. gb4e kuma mai rigima ne da 'yan'uwansa, sa shi a ƙarshen jerin ƙunshin da kika kira.

Kada ki fara da aikin da za a karɓa gobe da safe. Ɗauko tsohuwar takarda mai shafi biyu da aka riga aka ba ki maki, ki sake buga ta lokacin hutu. Kuma ki tambayi mai duba kundinki tun yanzu ko zai karɓi PDF, don wasu malaman a cikin Word kaɗai suke gyara.