Tambaya da Amsa: Darar Ces ta Saƙon Waya

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamin firamare ne a wani ƙauye kusa da Ringim. Muna gasar ces da abokina na Haɗeja ta saƙon waya, kowa tafiya ɗaya a rana, har buɗe wasa kaɗai yakan ci mana mako biyu. Ya ce don a rage jira in riƙa rubuta masa "ko me ka buga, ga amsata". Hakan ya dace?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Tafiyar sharaɗi tsohuwar al'ada ce a wasan wasiƙa, amma sai an ambaci tafiyar abokin karawa ƙarara: in ka buga kaza, zan buga kaza. "Ko me ka buga" kuwa rami ne kake haƙa wa kanka.

Jawo allo ka gani (kowane gida ana kiransa da harafi daga a zuwa h da lamba daga 1 zuwa 8). Fari ya tura soja d4, kai baƙi ka tura g6, ka yi alkawarin bishof ɗinka zai hau g7. Sai ya ɗauko nasa bishof daga c1 ya dire a h6. Da ba ka ɗaure kanka ba, da ka cinye shi a banza. Amma magana ta riga ta fita. Ka hau g7, ya cinye, hasumiyarka ta h8 ma ba ta da mafita, domin dokinka na g8 da sojanka na h7 sun toshe ta. Tafiya uku, wasan wata guda ya lalace.

Inda sharaɗi yake da amfani shi ne jerin tafiyar da ka sani sarai. A buɗewar Sisiliya, bayan e4 c5, doki f3, d6, kana iya cewa: in ka tura d4 zan ci da sojan c5, in ka rama da doki, nawa dokin zai zo f6. Ka rage kwana biyu ba tare da kasada ba.

Sunayen 'ya'yan dara sukan kawo gardama, don haka ku ari lambobin ICCF, hukumar wasan ces ta wasiƙa ta duniya, wadda aka kafa a 1951: harafin a shi ne 1, h shi ne 8, e2 zuwa e4 ya zama 5254. Kowane saƙo ya fara da maimaita tafiyar da aka aiko maka. Ka kuma rubuta komai a littafi, don yara ba sa barin allo yadda aka ajiye shi.

Batun kwamfuta ku yanke shi tun kafin tafiyar farko. ICCF ta yarda a nemi taimakonta, amma tsakanin abokai rashin faɗa ne yake kawo zargi.