Amsa ga Maman da ɗanta ke son zama Fada

Mama sannu da ƙoƙari. Kin ce yaronki ya gama sakandare kuma ba shi da zance sai na shiga seminari, makarantar horar da Fada, kina so ki san yadda rayuwar Fada take a faris, wato yankin coci da yake kula da shi, ko hutu ne kaman yadda mutane ke faɗi. Ni ba Fada bane, katikis ne ni, mai koyar da addini da taimaka wa Fada, a nan Jos, amma na daɗe ina bin su ƙauye da gari, to bari in gaya miki abin da idona ya gani.

Hanyar kanta doguwa ce. Ga seminarin St. Augustine nan a Jos tun 1967 ana horar da firistoci, yaro zai yi shekarar ruhaniya, ya yi falsafa shekara huɗu, tauhidi huɗu, ga aikin da ake tura su faris lokacin hutu, kafin a naɗa shi ya kusa cin shekara goma, kuma dokar Ikilisiya bata yarda a naɗa wanda bai kai shekara 25 ba. A tsakiya ana iya sallamarsa ko shi da kansa ya ga ba kiransa bane. Don Allah idan ya shiga kada a fara kiransa Fada a gida, wannan abin yana ɗaure yara da yawa, sai yaro ya kasa dawowa saboda kunyar dangi.

Aikin kuma, mutane Lahadi kawai suke gani. Kullum da asuba akwai Mas, ko sanyin Disamba na Jos ya kai yaya sai ya fito, ga addu'o'in da wajibi ne ya yi safe da rana da dare ko ba mai ganinsa. Yana gama karyawa ofis ya cika, wannan katin baftisma, wancan maganar ɗaurin aure, wata mijinta ya kore ta, wani kuɗin makaranta ya gagara. Tsakar dare waya ta buga wai wani na bakin mutuwa a asibiti, dole ya ɗauki man shafe marasa lafiya da Jibi mai tsarki ya tafi. Faris ɗaya zai iya samun ƙananan majami'u da dama a ƙauyuka, da damina mota bata shiga sai mashin, wani wurin ma sai a tuɓe takalmi a ƙetare rafi, kuma mutanen sun yi makonni suna jiran sa. Ranar Asabar ya zauna sauraron masu furta zunubi, abin da ya ji kuwa har kabari, ko Bishop ba zai gaya wa ba. Ni wannan nauyin ne yafi bani tausayi, mutum ya kwashi damuwar jama'a ya koma ɗaki shi kaɗai, ba mata ba 'ya'ya.

Mu na Filato kuma mun san wani ɓangaren. Wanda ya ga rikicin Jos na 2001 da 2008, da bom ɗin da ya tashi a cocin St. Finbarr ta Rayfield a watan Maris 2012, ya san cewa in gari ya rikice gidan Fada ake gudu. Shi zai ciyar da mutane, shi zai yi jana'iza, kuma shi ɗin ne zai tsaya gaban matasa masu zafin rai yace kada a rama. Ba ƙaramin abu bane wannan.

Maganar kuɗi Mama, nan nake so ki saurara da kyau. Fada na dayosis, wato yankin da Bishop ke shugabanta, baya ɗaukar alkawarin talauci kaman Fada masu zaman ƙungiya, nashi alkawarin rashin aure ne da biyayya ga Bishop, amma baikon Lahadi ba nashi bane, akwai kwamitin kuɗi, akwai kason dayosis, ga gini ga albashin ma'aikata. Motar da kike gani ta aiki ce. Zai taimake ki gwargwadon ƙarfinsa, amma kada a ɗora masa karatun ƙanne da ginin gida, na ga inda matsin dangi ya jefa mutumin kirki cikin damuwa har ya daina ɗaga wayar gida.

Sannan ba shi ke zaɓen inda zai zauna ba. Yau yana cikin gari, gobe takarda ta fito daga ofishin Akbishop sai ƙauyen da ba wuta ba sabis, haka zai yi ta yi har ya kai shekara 75 da ake miƙa takardar ajiye aiki.

Da duk wannan, na ga farin ciki na gaske a fuskar waɗanda kiran nasu ne, musamman ranar baftismar Ista ko in ma'auratan da suka rabu sun shirya a gabansa. Ki bar shi ya je wurin Fadan faris ɗinku da bakinsa, ba ke zaki yi masa magana ba, Fadan ne zai haɗa shi da mai kula da masu neman shiga seminari. Ya shirya katin baftisma da na tabbatarwa da sakamakon WAEC ko NECO, ya kuma ci gaba da hidimar bagadi kafin lokacin ɗauka ya zo.