Wane kore zan shafa wa ɗan jirgin babana?

Tambaya: Malam, a cikin akwatin marigayi mahaifinmu a nan Jos na tarar da ɗan ƙaramin kan jirgin ƙasa mai tururi, ƙirar Hornby, masu yin ƙananan jiragen wasa, an rubuta Flying Scotsman a jikinsa. Fentin duk ya ɓare. Wani mai fentin mota ya ce zai fesa mini kore. In ba shi?

Amsa: Allah ya jiƙan Baba. Ɗan'uwa, don Allah kada ka ba shi. Tinar da ake sirka fentin mota da ita tana cin roba, kuma yawancin irin waɗannan jiragen gangar jikinsu roba ce. Na taɓa riƙe wani da aka yi wa haka, kawunan ƙusoshin da aka zana a jikin tukunyar tururin duk sun narke sun shafe. Wannan ba ya gyaruwa.

Kafin maganar burushi, duba lambar da ke jikinsa, domin ita za ta gaya maka launin. Jirgin na gaske an ƙera shi a Doncaster ta Ingila a 1923, kuma ya sauya riga fiye da sau ɗaya. In ka ga 4472 da haruffan LNER, sunan kamfanin da ya mallake shi, a taragon kwal, korensa mai haske ne irin na ɗanyen tuffa, da siraran layuka fari da baƙi, har ƙafafun ma kore ne. In kuwa 60103 ka gani, zamanin bayan da gwamnatin Birtaniya ta karɓe jiragen ne a 1948: kore mai duhu, layuka baƙi da ruwan lemo, ƙafafu baƙaƙe. Duba goshinsa kuma. In akwai faranti biyu a gefen goshin masu kauda hayaƙi, sai a 1961 aka sa masa su, don haka da koren mai duhu suke tafiya. Wanda ya san jirgi yana ganin an gauraya zamani biyu zai gane.

Sauran aikin haƙuri ne. Ɗauki hotonsa ta kowane gefe, kwance gangar jikin daga injin, ka jiƙa ta cikin Dettol ta kwana, sannan ka goge da tsohon burushin haƙori. Fara gwadawa a cikin ciki, inda ido ba ya gani. In ta bushe sai fentin share fage mai ruwan toka, shafi ɗaya siriri, sannan koren, na Humbrol, masu yin fentin ƙananan kaya irin wannan, ko makamancinsa. Shafi uku marasa kauri sun fi ɗaya mai kauri nesa ba kusa ba. Goshi da bututun hayaƙi baƙi ne marar sheƙi, sandar da ke kwance a gaba can ƙasa kuma ja. Layukan kada ka ja su da hannu, akwai na mannawa da ake jiƙawa a ruwa.

Inda nake jiye maka shi ne iskar Jos. A hunturu ƙura kan sauka kan ɗanyen fenti ta zauna daram, sanyin safiya kuma yana hana shi bushewa da kyau. Yi aikin da rana tsaka a ɗaki rufe, ka yayyafa ruwa a ƙasa, kana gamawa ka kife masa roba mai tsabta har kwana biyu.

Bakin ƙafafun da ke taka dogo kuwa kada fenti ya taɓa shi. Ta nan wutar lantarki take shiga injin.