Tambaya da Amsa: Me ya haɗa mahar da hayaƙin masana'anta?

Tambaya: Malam, ni direba ne a Yanbu ta ƙasar Saudiyya, na ga wasu mutane da safar hannu suna tsintar mahar, wato halittar ruwan nan mai ɓawo irin su kawa, a bakin teku suna zubawa a leda, wai za a auna hayaƙin matatar mai da shi, abin ya ɗaure min kai wallahi.

Amsa: Ɗan uwa ba wasa suke ba. Hayaƙin da ke fita daga bututun masana'anta yakan ɗauko ƙurar ƙarafa masu guba irin su dalma da kadmiyam da makuri (zaiba), iska ta kwashe ta ta zube cikin teku, shi kuma mahar yana manne a dutse ɗaya ba ya yawo kamar kifi, aikinsa kenan tace ruwa dare da rana, to ƙarfen sai ya riƙa taruwa a namansa kaɗan kaɗan. In ka ɗebi ruwa a kwalba labarin ranar kawai zai ba ka, naman mahar kuwa na watanni ne. A ɓare shi, a busar, a narkar da shi cikin asid, na'ura ta karanta yawan ƙarfen da ke ciki. Amurka tun 1986 take wannan awon a gaɓar tekunta duk faɗin ƙasar.

Kuma don Allah kar ka ci na kusa da masana'anta, dafawa ba ta fitar da dalma ko ka sa lemun tsami buhu guda.