Na sayar da mota, lambar Baba ta tafi da ita

Tambaya: Salamu alaikum Malam, dan Allah a taimaka min. Ni a Jidda nake, watan jiya na sa Camry ɗina a Haraj, shafin saye da sayarwa na intanet, wani ya saya, muka yi canjin suna ta Absher, manhajar hidimomin gwamnati, komai ya wuce lafiya, sai da na koma gida Hajiya ta ce ina lambar Babanku? Wallahi na manta shaf, lamba ce mai alƙalami biyu kacal, tun marigayi yana raye take a gidanmu. Zan iya karɓo ta?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya jiƙan Baba. Gaskiya ka yi sake, domin a nan Saudiyya lamba tana bin mota ne, da zarar istimara, wato takardar rajistar mota, ta koma sunan mai saye to a wajen Murur, hukumar kula da zirga-zirgar motoci, lambar tasa ce, ba ruwansu da wanda ya fara riƙe ta. Kamata ya yi ka mayar da ita kan wata motar taka kafin ciniki.

Yanzu sai lallashi. Kira mutumin, kai ko ka je gidansa da kanka ka faɗa masa tarihin lambar, in ya yarda akwai hanyar musayar lamba tsakanin motoci biyu ta Murur, amma fa ku biya duk wata tara da ke kanku tukuna, kuɗin canjin kuma kai za ka ɗauka. Kar ka kuskura ka kwance ta da sukundireba ka ɗaura wa wata mota, laifi ne babba. Kuma ka shirya aljihu, mai alƙalami biyu tsada gare ta, ƙila shi ma ya sani.