Firiza Ba Rumbu Ba Ce: Amsoshin Wasiƙunku Kan Ajiyar Abinci A Legas

TAMBAYA: Assalamu alaikum Hajiya. Ni amarya ce, wata bakwai ke nan da aka kawo ni Legas daga Katsina, muna zaune a Idi-Araba. Cikin gara an haɗo ni da buhun shinkafa, rabin buhun wake, gero, garin masara, kuka, kuɓewa da daddawa. Ban yi wata uku ba waken ya cika da ƙwari, garin masarar ya dunƙule yana warin tsami, kukar ma ta canza launi. A gidanmu kuka takan shekara ba abin da ya same ta. Maigida bai ce uffan ba, amma ni kunya ta ishe ni. Ina kuskurena yake?

AMSA: Wa alaikumus salam 'yata. Ki kwantar da hankalinki, wannan ba ƙazanta ba ce, ba kuma rashin iya riƙon gida ba ne. Iskar garin ce ta bambanta da wadda kika saba da ita. A Katsina, da zarar damina ta ɗauke, iska da kanta take yi muku aikin ajiya, hunturu ya busar da komai har leɓen mutum. Legas kuwa gari ne da ke kwance a bakin teku. Ruwa yakan sauka tun daga Afrilu har Yuli, ya ɗan lafa a Agusta, ya dawo a Satumba da Oktoba, kuma ko ranar da ba a yi ruwa ba laima tana nan cikin iska. Kin lura gishiri yana jiƙewa a cikin robarsa, ashana tana ƙin kamawa? To abin da ya samu garinki ke nan.

Shekarata ashirin da shida a Agege. A daminata ta farko na jingina buhun geron da mahaifiyata ta aiko mini da bangon kicin, a kan siminti. Da na zo ɗiba bayan 'yan makonni, ƙasan buhun ya yi baƙi ƙirin. Na yi kuka ranar, domin na san wahalar da aka sha kafin geron nan ya iso hannuna. Wata dattijuwa maƙwabciyarmu ce ta zaunar da ni ta koya mini abin da zan gaya miki yanzu.

A garin nan ba a barin abinci a buhu. Duk abin da ya shigo, ki juye shi a mazubi mai murfin da ke rufuwa gam: jarkar mai da aka wanke ta bushe sarai, bokitin roba mai murfi, ko kwalba. Ki ɗora su a kan katako ko kanta, kada su taɓa ƙasa, kada su manne da bango.

Wake shi ne mai wuyar sha'ani, don haka bari in daɗe a kansa. Ƙwarin da kika gani ba a ɗakinki suka shiga ba. Ƙwansu tun daga gona ko sito yake maƙale a jikin waken, zafi da laima su ƙyanƙyashe shi, cikin kamar wata guda sabbi su fito su sake yin wasu ƙwan. Hanya biyu na sani masu aiki. Ta farko ita ce a hana su iska: ki tabbata waken ya bushe, ki cika jarka da shi har wuya, ki jijjiga ki ƙara, ki sa leda a bakin ki murɗa murfin, ki bar ta wata guda ba ki buɗe ba. Da wannan hikimar aka yi buhun nan mai ruɓi uku da ake kira PICS, wanda manoman wake a Arewa suka sani. Ta biyu kuwa sanyi ne. Ki ƙulla waken a leda ki sa a firiza mako guda, in wutar ta tsaya, ƙwan da ƙwarin duk za su mutu. Idan kin fito da shi kada ki kwance ledar sai ya gama hucewa, in ba haka ba zai yi gumi, kin koma gidan jiya. Busasshen barkono da iyayenmu ke zubawa yana ɗan korar ƙwari, amma shi kaɗai ba ya riƙe wake a Legas.

Abu ɗaya nake roƙon ki da girman Allah: ko wa ya ba ki shawara, kada ki kusantar da maganin ƙwari ga abincin da za ku ci. Sinadarin da ke cikin maganin ƙwarin nan Sniper guba ne. Saboda yawansa a jikin wake ne Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya a 2015, kuma a 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da shi barkatai a kasuwanni da kantuna. In za ki sayi wake, ki ɗebo a hannu ki sansana. Na fi yarda da waken da na ga ƙwaro ɗaya ko biyu a ciki a kan wanda ke tashin warin magani.

Garin masarar nan ki zubar da shi, kada ki tankaɗe ki ce za ki ceci wani abu. Fumfunar da ke kama masara da gyaɗa tana iya haifar da dafi mai lahanta hanta, kuma dafuwa ba ta kashe shi. Ko kaji kada ki ba su. Nan gaba ki ajiye tsabar, ki riƙa kai niƙan abin da za ku ci cikin mako biyu, in an kawo daga inji ki baza shi a faranti ya huce kafin ki rufe.

Kuka, kuɓewa, daddawa da yaji kuwa, su ne dukiyarmu a nan, domin irin na gida ba kullum ake samu ba. Ki raba kowanne gida-gida. Kaɗan a ƙaramar kwalba kusa da murhu, sauran a leda biyu cikin firiza. Ki riƙa ɗiba da busasshen cokali, kuma kada ki riƙe kwalbar a saman tukunya tana tururi.

Sannan ki rage yawa. Ku biyu ne kawai, rabin buhun wake ya fi ƙarfinku. In an sake aiko miki, ki ɗebar wa maƙwabta tun yana da kyau, wannan ma ajiya ce. Ki kuma koyi awon garin: a nan ba mudu ba ne, da derika ake awo, wato gwangwanin tumatir, sai robar fenti. Gidan da ke da shinkafa, wake, taliya, garin kwaki, manja, man gyaɗa, albasa, gishiri, tumatirin gwangwani da busasshen kifi na mako biyu ko uku, ba zai ji kunyar baƙo ba. Allah ya ba ku zaman lafiya.

TAMBAYA: Hajiya, barka da aiki. Ni magidanci ne a Agege, mu takwas ne a gida. Na sayi babbar firiza don in riƙa yin cefanen wata gaba ɗaya. Matsalar ita ce wutar unguwarmu takan yi kwana biyu ba ta zo ba. Bara rabin naman layyarmu a bola ya ƙare. Uwargida ta ce mu koma sayen kullum. Wa ke da gaskiya?

AMSA: Malam, sannu da ɗawainiya, Allah ya ƙara buɗi. Uwargida tana da hujja, domin ita ta buɗe firizar ta ji warin. Amma sayen kullum ga mutum takwas zai cinye aljihunka. Gyaran yana wajen yadda kuke kallon na'urar. Rumbu ba ya neman komai a wurinka, ka zuba ka rufe. Firiza kuwa sai da wuta, saboda haka abin da za ka damƙa mata ya zama daidai da wutar da kake samu. Ni a gidana nama da kifi ba sa wuce na mako biyu zuwa uku.

Ga lissafin da ya kamata kowa a gidan ya sani. Firiza tana aiki daidai ne idan sanyinta ya kai digiri 18 ƙasa da sifili. In ta cika maƙil, komai ya daskare, kuma ba a buɗe ta ba, takan riƙe abinci kusan awa 48 bayan an ɗauke wuta. In rabi ce, awa 24. Firji na sama kuwa awa huɗu ne kawai. Ka ga ashe firizar da ba ta cika ba ita ce mai saurin ba da kunya. To ku cike gurbin da ruwa: jakar fiya wata ko gorunan ruwa, a jera a ƙasa da gefe su zama ƙanƙara. Amma a yi wa yara doka, in babu wuta ba mai ɗaga murfin don neman ruwan sanyi. A sama musu kula daban. Idan an shiga kwana na biyu, a tayar da janareta na 'yan awoyi ko a sayo ƙanƙarar bulo a zuba.

Yadda ake sa naman ma yana da muhimmanci. In ka sayo a mayankar Oko-Oba, ka je da sassafe, ka tafi da kula, kada nama ya yi awa uku a bayan mota cikin cunkoso. A gida a wanke, a tsane, a raba shi daidai girki ɗaya-ɗaya, a shimfiɗa kowace leda ta yi faɗi. Ƙulli mai faɗi yana daskarewa da wuri. Babban dunƙule kuwa bayansa zai yi ƙanƙara cikinsa na nan da ɗumi, kuma ina kyautata zaton abin da ya samu naman layyarku ke nan: an tula rago guda a lokaci ɗaya, na'urar ba ta gama daskarar da shi ba wuta ta tafi. Bana ku koma wa dabarar iyayenmu. A soya kaso mafi yawa har ruwansa ya ƙone, a yi dambu da wani, a raba wa mabuƙata nasu tun ranar, abin da ya rage kaɗan shi za a ba firiza. Ɗanyen nama da kifi su zauna can ƙasa, dafaffen abinci a sama, a rubuta kwanan wata a jikin kowace roba, a fara cin na da. Kifi mai maiƙo irin titus ba ya son ya wuce wata biyu ko uku ko da wuta ba ta ƙiftawa.

In wuta ta daɗe, ku duba da hannu. Naman da har yanzu akwai ƙanƙara a jikinsa ana iya mayar da shi. Wanda ya saki amma yana da sanyi sosai, a dafa shi a ranar. Wanda ya yi ɗumi na awoyi, a haƙura da shi ko da bai yi wari ba, domin hanci ba ya jin duk ƙwayoyin cuta. Na san zubar da nama da ciwo, amma kwanan asibiti da yaro ya fi ciwo.

Inda firiza za ta mayar maka da kuɗinka shi ne kayan miya. Daga Janairu zuwa Maris, lokacin da tumatirin noman rani ke sauka a kasuwar Mile 12 daga su Kwanar Gafan da Danja, kwando yana araha. Da damina ta kankama sai ya yi tashin gwauron zabi. Ku sayi kwando lokacin arahar, a haɗa da tattasai da attarugu da albasa a markaɗa, a tafasa har ruwan ya ƙone ya yi kauri, a bar shi ya huce, a ƙulla kaɗan-kaɗan. Dafaffen markaɗe ya fi ɗanye jure ɗaukewar wuta, kuma bai cin wuri. A guji ruɓaɓɓen tumatirin da ake karyarwa, arahar nan ba ta da alheri. Ƙanƙarar da ke taruwa a bangon firizar ma a riƙa narkar da ita in ta yi kauri, don tana ƙara cin wuta.

TAMBAYA: Anti, ina fita aiki ƙarfe biyar da rabi na asuba daga Ketu zuwa Obalende, ban dawowa sai bayan isha'i. Zan iya yin tuwo da miyar kuka na mako guda in daskarar?

AMSA: Sannu ƙanwata, hanyar nan kaɗai aiki ce. Tuwo ba ya son firiza, in ya narke sai ya saki ruwa ya farfashe. Ki yi na kwana biyu ki sa a firji, ki yi ɗumame. Miyar kuka ma kada ki kaɗa ta gaba ɗaya. Ranar Asabar ki dafa ruwan miyar da namansa da daddawa da kayan ƙamshi, ki raba a ƙananan robobi ki daskarar. In kin dawo ki juye ɗaya a tukunya, ya tafasa sosai, ki kaɗa kuka sabuwa, minti goma ta isa. Haka za ki yi da kuɓewa. Miyar taushe da jar miya kuwa suna daskarewa lafiya lau yadda suke.

Dafaffen wake, surfaffen wake na ƙosai ko alala, da gasarar koko da aka yanka gutsi-gutsi, duk suna zama a firiza. Shinkafa ce ke son kulawa: in kin dafa, ki baza ta ta huce, ta shiga sanyi kafin awa biyu, kada ta kwana a tukunya a zafin nan, kuma sau ɗaya ake ɗumama ta. Kafin ki fita da asuba, ki sauko da robar daren daga firiza zuwa firji, kada ki bar ta a kan kanta har dare.