Amsa ga ƙanenmu mai tambaya kan kai tabulet ajin sana'a a gidan yari

Assalamu alaikum. Ƙanena, na ga tambayarka tun shekaranjiya, rashin wuta ne ya hana ni amsawa. Ka ce wata ƙungiya za ta ba ku tabulet 20 don ajin wayarin lantarki da kake koyarwa a wani gidan yari a nan gabashin Sudan, kuma suna so har jarrabawa ta koma kan na'ura, shin ka karɓa ko ka ƙi. Ni dai na ce ka karɓa, amma kada ka yarda jarrabawar ƙarshe ta bar allon gwaji. Na koyar da kahraba, wato aikin lantarki, a bayan irin wannan katanga kafin yaƙi, kuma kuskuren da nake gudar maka ni na fara yin sa.

Maganar intanet ka cire ta daga lissafi tun yanzu. Babu shugaban gidan yarin da zai bar fursuna da layin waje, kuma yana da gaskiya. Ko da ya bari, ka san ƙasarmu: an datse intanet fiye da wata guda a 2019, an sake a ƙarshen 2021, ga kuma abin da muka gani a Fabrairun 2024. Mu abin da muka yi amfani da shi shi ne Kolibri, manhaja ce ta kyauta da aka gina don wuraren da ba intanet, tana da Larabci. Ana ɗora ta a kan kwamfuta ɗaya, ko ƴar ƙaramar nan Raspberry Pi da ba ta fi tafin hannu ba, sai tabulet ɗin su riƙa ɗaukar darasi daga gare ta ta waifai na cikin ɗaki kawai. Darasin kana shirya shi a waje, ka shigo da shi a filas, jami'i ya duba. Moodle ma yana yi, sai dai yana son mai kula da shi. Ka roƙi ƙungiyar ta rage tabulet biyu ta saya maka faifan sola da batir, da akwatin ƙarfe mai kwaɗo, don habub, wato guguwar ƙura, ɗaya ya isa ya cika ramin caji da ƙura.

Inda na'urar ta ba ni mamaki ba inda masu kawo ta suke tsammani ba ne. Akwai wani dattijo a ajina, mutumin wajen Mai Wurno, ya haura hamsin, ya yi karatun allo har ya sauke. Ka ba shi Alƙur'ani ya karanta maka ba gargada, amma Larabcin littafin sana'a, da su "tayyar" da "muƙawama", sai ya yi shiru. Kuma ba zai taɓa ɗaga hannu a gaban yaran da ya haifi irinsu ya ce bai gane ba. Sai na zauna dare uku na ɗauki muryata da Hausa da kuma Larabcin kasuwa, ina bayani a kan hoton kowane haɗi, minti biyu zuwa uku. Na ce masa, Baba, ga abin kunne, ka saurara yadda kake so. Da na duba bayanan manhajar daga baya, darasin makunni biyu a fitila ɗaya ya maimaita shi sau 14. Ni ɗan Adam, da ya tambaye ni sau uku da fuskata ta nuna. Kada ka ɓata lokaci kana rubuta Hausar boko, mutanenmu na nan kaɗan ne ke karanta ta. Murya ka saka.

To ga kuskuren nawa. Da na ga na'ura tana ba da maki da kanta, sai daɗi ya kwashe ni na mayar da gwajin wata na canki-canka, tambaya 30, ka taɓa amsa. Wani saurayi da ya yi sakandare ya cinye kusan duka, dattijon nan bai kai rabi ba. Washegari na raba musu allon katako, da waya, da makunni, da mariƙin ƙwan fitila. Saurayin ya gama kafin kowa, ya danna, fitila ta kama, ya danna, ta mutu, yana murmushi. Na ɗauki testa na taɓa cikin mariƙin alhali fitilar a kashe, sai testa ta yi ja. Ya sa makunnin a kan nutural maimakon waya mai wuta. A gidan mutane, wannan haɗin shi ne ke jefo mai canza ƙwai daga kan kujera. Allon dattijon kuwa, kowace waya an fere ta daidai, ba silin tagulla ko ɗaya a waje, na ja da filaya ba ta motsa ba. Gwajin da na yi karatu ya auna, ba aiki ba.

Daga nan na sauya. Canki-canka ya koma na bita, ba ya shiga sakamako sai ɗan kaɗan, kuma kowace tambaya da hoto da murya. Gwaji na gaske a kan allo ake yi, ni ne ke riƙe da tabulet ina bin jerin abubuwan dubawa: ya kashe wuta kafin ya taɓa, ya gwada da testa, makunni a kan wace waya, wayar ƙasa ta haɗu, noti ya ɗauru. Sai in ɗauki hoton allon, ban da fuska, da izinin jami'i. Kyamarar sauran na'urorin a toshe take.

Amfanin wannan ajiyar zai bayyana maka ranar da ka shigo da safe aka ce an yi wa mutum uku tarhil, wato an mayar da su wani gidan yari, cikin dare, ko afuwar Sallah ta fitar da ɗalibinka ana saura mako biyu a gama. Ajin gidan yari ba ya ƙarewa da waɗanda ya fara da su. Ka tsara darasin gunduwa-gunduwa, kowace gunduwa da shaidarta, kuma duk ƙarshen wata ka buga wa kowa takarda ya riƙe, ka ajiye kwafi a waje. Wanda ya tuna yadda gidan yarin Kobar na Khartoum ya watse a Afrilun 2023 ba zai bar bayanansa a ɗaki ɗaya ba. Suna da lambar aji kawai za ka saka, laifin mutum ba ruwan manhaja da shi.

Ka kuma tambayi ƙungiyar: takardar shaidar wa zai sa mata hannu? Ƙa'idojin Mandela da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da su a 2015, a ƙa'ida ta 104, sun ce a haɗa karatun fursuna da tsarin ilimin ƙasa don ya ci gaba bayan ya fita. Ka nemi a bi ta Majalisar Ƙoli ta Horon Sana'a da Almajirancin Masana'antu, don usta, wato ogan sana'a, a kasuwar Gadarif ba zai kalli takardar da tambarin wata manhaja kaɗai ke kanta ba.

Gandirobobi kuwa, kada ka shigo musu da kaya kamar daga sama. Su ke ƙirga sukudireba da filaya safe da yamma, yanzu ka ƙara musu tarin tabulet da caja. Ni na ce wa sajan ɗinmu, Yallaɓai, in kana da wanda ke son koyo, kujera na nan. Biyu suka shiga, ɗayan ma shi ya riƙa tuna mini da caji ranar Alhamis.

In za ka iya, ka ƙara darasin haɗa sola da famfon ban-ruwa, don shi ake nema yanzu a gonaki. Muryoyin da na ɗauka suna nan a memori, wasu sun lalace amma na wayarin gida suna da kyau. Ka faɗa mini mutum nawa ne a ajinka da kuma yarukan da suke ji, sai in ga waɗanda zan tura maka.